Farar Toka da Man Kaɗen Luba

Ajiye wayar nan tukuna, Shafa, ke da ƙawayenki. Na ga abin da kuka nuna mini. Na ga matar da safar hannu da tabarau tana juya roba kamar mai dama kunun jarirai, kafin ka ce mi ta fito da sabulu ruwan hoda. Allah shi ba ta kasuwa. Ku kuma kun ce in koya muku nawa yau, kafin la'asar, don gobe kuna da biki. Sannunku da ƙoƙari! Wai toka da mai da wuta, shi ke nan, in ji wagga mai jan gyale. Ke ɗiyar wa ce ma? To ki gaida uwarki, ki ce Ige mai sabulu ta ce barka, ta haifi malama. Ke kuma Shafa, jikata ce ke, a gidan nan kika yi rarrafe, amma kika zauna kina gyaɗa kai ana cewa toka duk toka ce.

Aikin farko da Gwaggo Kulu ta ba ni a Damaga shara ne. Ƙanwar babana ce, a hannunta na tashi, Allah shi jiƙanta da halinta. Rani guda cur ban taɓa muciya ba. Akwai wani fako a bayan gida inda ake ƙona kara, shi zan share, in yayyafa ruwa, in daɓe, in sake sharewa. Sannan a jibge karan gero, a jira iska ta kwanta, a sa wuta. In toka ta huce in kwashe da sakaina, a hankali, ba tare da na karto ƙasa ba. Gwaggo za ta zo ta ɗebi kaɗan ta jefa a baki ta tauna. In ta ji ƙaras a haƙorinta, ba ta zagi, ba ta duka. Ɗaukar ƙwaryar take ta juye a bola a gabana, ta ce, "Gobe ma rana ce, ɗiyata." Wallahi na fi son a doke ni.

Sai da damina ta zagayo ta bari na tace toka. Tukunya ce mai huji a gindi, irin madambaci, a shimfiɗa ciyawa da tsumma a ciki, a danna toka, a zuba ruwa, a kara kasko a ƙasa. Tokar gero in ta sha ruwa sai ta kwanta ta zama laka, ruwan ya riƙa sauka ɗis, ɗis, ja kamar shayin da ya daɗe a wuta. Ba a gaggauta shi. Mai biki gobe ba ta tace toka yau. Ruwan nan shi ne sabulun, mai kuwa abokin tafiya ne kawai. Kuma hanyar sanin ƙarfinsa ɗaya ce a wurin Gwaggo: ka tsoma yatsa ka ɗiga a harshe. Ranar farko na ɗiga, na yi tsalle ina tofar da yawu, idona na hawaye. Ta ce, "Mi kika ji?" Na ce, "Ya cije ni, Gwaggo!" Ta ce, "To ki riƙe cizon nan. In ya fi haka ya ci fatar mutane, in bai kai ba ya ci miki mai."

Tukunyata ta farko ta yi ambaliya. Za ka dafa ruwan toka har ya ja baya ya yi kauri, ka narka man kaɗe, ka riƙa zubawa ludayi-ludayi kana juyawa. Akwai lokacin da yake tasowa da kumfa fuu, a nan ake zare itace a ci gaba da juyi. Ni na tsaya kallon akuya. Rabin tukunya ya bi murhu, sauran ya fallatso mini a hannu, ga tabon nan, matso ku gani, ba lalle ba ne. In an yi daidai, zai yi duhu, ya yi nauyi, ya riƙa sakin gefen tukunya kamar tuwon da ya nuna. A sauke, ya sha iska, a cura. Ba safar hannu, ba tabarau, kuma ba mai ɗaukar hotonka.

Da aure ya kawo ni Talatar Mafara na kafa faifaina a kasuwa, ban yi shekara biyu ba aka san ni. Wanzamai suna saye don aski. Masu ƙuraje suna saye, su dawo su ce bai yi ba, in ka bincika sau ɗaya suka yi wanka a sati. Akwai matan da za su shinshina curi goma, su matsa kowanne da farce, su ce wai ya yi ƙanƙanta, sannan su tafi su sayo na kanti mai ƙamshin alewa, fuska ta yi musu dabbare-dabbare su dawo da mayafi har hanci. Amma manyan masu sayena ungozomomi ne. Sabulun da za a wanke jariri ranar da ya faɗo duniya ba a sayensa wurin kowa. Daga Bakura ake aiko mini. Har ta kai masu sana'ar da kansu suna kawo mini ruwan tokarsu in ɗanɗana musu, don an ce harshen Ige ba ya ƙarya. Kan nawa kuwa ya kumbura, ba sai an gaya muku ba.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne harshen ya mutu. A hankali ya tafi. Shekara da shekaru ana ɗiga masa wuta, mi kuke so ya yi? Na fara jin miya ba gishiri, ina faɗa da mutanen gida, ashe ni ce. Yatsun ma sun yi kanta, ba sa jin santsi. Sai na koma aiki da ido da sabo: kara iri ɗaya, tukunya ɗaya, awo ɗaya. In an kawo mini ruwa in ɗanɗana, sai in dubi launinsa a sace, in ɗiga a baki, in ɓata fuska irin ta masana, in yanke hukunci. Kuma yana yin daidai, don duk tokar gero ce. Na daɗe ina cin wannan kasuwar.

Sai ga shekarar da daji ya ƙi shiguwa saboda 'yan bindiga. Kun san ta, ba ku yi ƙanƙanta ba. Gonakin wajen Maradun aka bar su, wanda ya yi shuka bai girbe ba, wanda ya girbe bai koma ɗaukar kara ba. Ɗan karan da ke kusa da gari kuwa dabbobi suka cinye, don kowa ya ɗaure nasa a gida. Har ciyawar shinkafa, wadda a da shanu ke shinshinawa su kau da kai, aka riƙa rububinta. Tokata ta ƙare ƙaƙaf. Talata uku ban fita da faifai ba.

A cikin wannan hali Luba ta zo. Daga Dosara take, mijinta ya rasu a gona, ba sai na gaya muku yadda aka yi ba. Ta iso da 'yarta ƙarama a baya da ƙwarya guda a ka, an ɗaure bakinta da zane. Wata 'yar'uwarmu ta haɗa ta da ni, na ba ta ɗakin da nake ajiye tukwane. Da ta kwance ƙwaryar sai ga man kaɗe, fari sol, cike har baki. Ita ta tsinci ƙwarar kaɗanyar, ita ta daka, ita ta dafa. Abin da ta iya fitowa da shi ke nan daga gidanta, ko tabarma ba ta ɗauko ba. Ta durƙusa ta ce, "Inna, an ce ke ce uwar sabulu a ƙasar nan. Ki juya mini wanga shi zama sabulu, in koya a hannunki, in samu abin riƙe kaina. Ban son in kai ga miƙa hannu a tasha." Na ce ta tashi, ta kawo kanta inda ya dace. Ban ce mata ba ni da toka ko ta shafa wa goshi ba.

Washegari na bi ta bayan injin casar Malam Sani. Ɓuntun shinkafa ne a wurin tsibi guda, ya fi ɗakin nan tsawo, an sa masa wuta yana ci a ciki kwana da kwanaki. Gefen da ya huce na tona da ƙafa, sai ga toka fara tas, ban taɓa ganin mai kyanta ba. A wurinmu kuwa farar toka ita ce wadda ta ƙonu sarai. Na ce a raina, Ige, shekara nawa kina bin ƙauye neman kara, ga arziki a bayan gidanki kina tsallakewa! Na yi wa Malam Sani sallama, muka gaisa, na tambaye shi ko zan ɗiba. Ya ce, "Inna, ki kwashe duka, in ƙara miki da godiya. Tukwane za ki goge?" Na ce masa ya ji da injinsa. Na cika buhu na dawo ina jin kaina kamar wadda ta tsinci zinari.

Tun a wurin tacewa abin ya nuna kansa. Tokar ba ta kwanta ba, ba ta yi laka ba. In ka duba da kyau ma kowane ɓuntu yana nan da siffarsa, fari kawai ya yi. Na zuba ruwa, ya wuce shaa, kafin in juya kasko ya cika, kuma garau kamar na randa. Na ce ai dole, farar toka farin ruwa. Na tsoma yatsa na ɗiga a harshe, na ɓata fuska yadda na saba, na ce, "Madalla." Luba tana tsugune a gefe. Ita ma ta tsoma yatsa, don matan ƙauye suna tace toka saboda miya, ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Ta ɗanɗana, ta sake tsomawa. Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Inna, ki gafarce ni, ni dai ban ji tana cizo ba."

Kai, ranar na yi tsiya! Na ce, "Au, ashe malama aka kawo mini ban sani ba? Ga muciya, ga murhu, bismilla. Tun uwarki na goyo nake wannan aiki. Daga Bakura ake kawo mini ruwa in ɗanɗana, ke daga Dosara za ki gaya mini cizo?" Ta ce, "Ki yi haƙuri, Inna, bakina ne." Ta miƙo mini ƙwaryar da hannu biyu.

Na dafa ruwan, na dafa, bai yi kauri ba, raguwa kawai yake. Mai hankali a nan zai tsaya. Ko ludayi ɗaya ne ai sai a gwada a gani. Ni kuwa ido na kaina, sai na narka man duka, na riƙa zubawa. Ban ga kumfa ba. Mai yana yawo a sama, ruwa yana ƙasa, kowa da harkarsa. Na ƙara itace. Hantsi ya wuce, azahar ta yi, hannuna kamar zai cire. Da na ga ruwan ya kusa ƙonewa sai na ce wa Luba ta je bakin famfo ta ɗebo mini wani, ta bi layi kada ta yi gaggawa. Tana fita na kamfaci ɗanyar tokar nan da ƙwarya na antaya a cikin man, wai ko ƙarfin yana jikinta bai fita ba. Ni da aka juye wa toka a bola saboda ƙwayar ƙasa ɗaya! Na juya, na ji muciya tana ƙaras-ƙaras a gindin tukunya. Ruwa ya ƙafe, man ya fara hayaƙi, ƙauri ya tashi. Kafin in zare itace ya zama baƙin kwaɓi, mai da yashi. Babu abin da za a tsamo a ciki.

Na sauke, na rufe da faifai, na ɗora dutse. Da ta dawo na tare ta tun daga ƙofa. Na ce tokar ce ba ta da ƙarfi sosai, amma man yana nan, kada a buɗe iska ta shiga. Na ce da za a sami tokar karan gero da na tashe shi cikin yini ɗaya. Ku ji ni da kyau: na faɗi haka ne don na san babu mai samo karan gero a shekarar nan. Na ce kafin a samu na san dabarar da zan yi.

Da safe na tafi in sauke haushina a kan Malam Sani. Na ce ya ba ni tokar banza. Ya kashe inji, ya yi dariya har da riƙe ciki, da ya ji sabulu na yi da ita. Ya shiga ya fito da wata rariyar ƙarfe ta cikin injin, ta sule ta yi sirit, har ta huje. Ya ce, "Inna, ƙarfe ne wannan, ɓuntu ya cinye shi, kuma ba ta daɗe ba. Shinkafa yashi take sha tare da ruwa, ta ajiye shi a rigarta da karanta. Ba ki ga lauje ba ya jimawa a gonar shinkafa? Ba ki ga ciyawar tana yanka hannu? Ɓuntun nan akuya ba ta so, gara ba ta so, damina ta wuce a kansa bai ruɓe ba. In kin ƙona shi, abin da wuta ta iya ci ta ci, yashin ya rage. Shi kika kwasa." Eh, Shafa, na ji, silika kuke ce masa a makaranta. Ina kike da silikar taki ranar? Duk abin da ya lissafa na sani, a garin shinkafa na tsufa. Ko taunawa na yi da na ji, haƙorana ai ba su mutu ba. Farin ne ya rufe mini ido. Daga baya na gwada tokar ciyawar, ita da ɗan dama, sai dai ka ƙona gona guda kafin ka cika kasko. Ta ɓuntu kuwa gugar tukunya ce aikinta, kamar yadda mutumin ya faɗa tun farko.

Na dawo gida na tarar da 'yar Luba a wurin maƙwabciya. Aka ce uwar ta bi motar Maradun tun da sassafe, ta ce a gaya mini ta tafi ɗebo toka. Na zauna a ƙasa. Tsoro na ji, da kunya, ban san wanda ya fi ba. Kwana biyar ina ba yarinyar nan tuwo, tukunyar tana lungu da dutse a kai, duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai na leƙa.

Rana ta shida da hantsi ta yi sallama. Ƙafafunta sun kumbura, leɓe ya tsage, ga ƙullin buhu a ka. Ta sauke, ta durƙusa. "Ina kwana, Inna. Ina gajiya. Ina gida, ina ɗawainiyar yarinya. Mun same ku lahiya?" Ina amsawa lahiya lau, lahiya lau. Daga Maradun da ƙafa ta shiga har Dosara. Karan gonarsu yana nan tsaye, ba wanda ya taɓa. Ba ta iya ƙona shi gaba ɗaya ba, don hayaƙi a dajin nan kiran mutane ne. Rami ta tona, tana sa kara kaɗan-kaɗan, tana kwashewa, in ta ji ƙarar babur ta kwanta a cikin kunyar gona. A haka ta tara abin da bai fi kwano uku ba. Ta kwance, ta lakata ta sa a baki, ta yi murmushi, ta ce, "Wagga kam tana cizo, Inna. A ɗauko man."

Na ɗauke dutsen, na ɗaga faifan. Ta leƙa. Ta sa hannu ta lakato, ta murza tsakanin yatsu, muna jin ƙarar yashin ni da ita. Ta ce, "Yaushe ya zama haka?" Na ce, "Tun ranar." Ta ce, "Kin sani kafin in tafi?" Na ce na sani. Na gaya mata har zancen harshen, abin da ko mijina bai sani ba. Na ce zan sai da akuyata in cika mata ƙwaryar da wani man, in ƙara mata da tukunya. Ta goge yatsunta a ƙasa, ta ce, "Inna, bar akuyarki. Kaɗanyar gonarmu ce. Maigidana ne ya ɗauko mini buhun ƙwarar a kekensa, ana saura kwana biyu ya rasu." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ƙulle tokarta, ta goya 'yarta, ta ɗauki ƙwaryar ba komai a ciki, ta yi mini sallama cikakkiya.

Bakura ta tafi, wurin wata da nake yi wa dariya da cewa sabulunta na wankin jaki ne. Ta yi mata aiki har ta tsaya da ƙafarta. Yau faifanta yana tsallaken nawa a kasuwa, kuma ungozomomi can suke fara tsayawa. Ni kuma duk tukunyar da zan ɗora, sai na zuba ruwan tokar a kwalba ranar Talata, in ratsa kasuwa da ƙafata kowa na kallo, in miƙa mata. Takan durƙusa ta gaishe ni har ƙasa, ta ɗiga a harshe, ta ce "tana cizo" ko "da saura". Ba ta taɓa ƙara kalma a kai ba, ba ta kuma sake tako ƙofar gidan nan ba.

Saboda haka ku tashi ku je ku yi kitson bikinku. In kun dawo kuna son koyon sabulu da gaske, wurin Luba za ku. Ku ce ni na aiko ku. Ko kuwa a'a, kada ku ce.